Ma'anar "kayan amfani sau ɗaya", da yadda suke cika kwandon shara a bikin ranar haihuwa na ofis

Ana yawan jin maganar "kayan amfani sau ɗaya" tun da Legas ta haramta farar robar zuba abinci, wato tekawe mai kama da soso, a Janairun 2024. A tsakiyar shekarar kuma gwamnatin tarayya ta ce a daina amfani da irin waɗannan robobi a ma'aikatunta. Abin da ake nufi shi ne duk kayan da aka ƙera don a yi aiki da su sau guda a yar: ledar fiya wata, ƙaramar gorar ruwa, cokalin roba, kofin yarwa, tsinken zuƙar lemo, balan-balan. Niyyar da aka ƙera abu da ita ce ke sanya shi cikin wannan rukuni, ko da roba aka yi shi ko da takarda. Bokitin wanka roba ne, amma ba ya ciki. Kofin takarda kuwa yana ciki.

Bikin zagayowar ranar haihuwa a wurin aiki ya fi ko'ina fito da abin fili. A ɗauki ofis mai mutum 20, kowa a yanka masa kek a ranarsa. Kowane zama faranti 20, cokali 20, kofi 20, gorar ruwa 20. A shekara guda 1,600 ke nan, ban da ledoji da kayan ado, kuma yawancinsu ba su yi minti ashirin a hannu ba.

Inda ake yawan yin tuntuɓe shi ne a sauya roba da takarda a ce an gama. Kofin takarda ana shafe cikinsa da siririyar roba don kada ya yi yoyo, shi ya sa yake wahalar sake sarrafawa. Akwai kuma cokula da kofuna da ake rubuta wa "mai ruɓewa". Da yawansu da sitacin masara ake yin su, amma sai a masana'antar taki mai zafin kusan digiri 60 suke ruɓewa. A bola za su daɗe kamar sauran. Wata ledar ma da ake cewa tana narkewa, dagargajewa kawai take yi ta zama ƙananan ɓarɓashi. Tarayyar Turai ta hana irinta tun 2021, tare da farantan roba da sandunan balan-balan.

Idan ana son gane wanda ya fi muni, a duba abin da 'yan bola ke ɗauka. Gwangwanin lemo da gorar ruwa mai lamba 1 a gindinta suna da masu saye. Farar tekawe, mai lamba 6, ba wanda ke waiwayarta, balle in ta sha mai. Ita da leda su ne ke toshe kwata da damina, ledar kuma mahauta sun saba ciro ta a tumbin awaki da shanu.

Gyaran ba shi da tsada. A sayi farantan silba 24 da kofuna da cokula daidai su, sau ɗaya, a ajiye a kwaba mai makulli. A ɗiga wa kowanne fenti a gindi, in ba haka ba cikin wata uku rabi sun bi mutane gida. Amma abin da ke kashe tsarin shi ne wanke-wanke. In ba a sa sunan masu yi ba tun kafin a yanka kek, farantan za su kwana a gindin famfo, wata mai zuwa a koma tekawe. Mutum biyu da baho biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraya, sun isa. In mai shara za a ɗora wa, a biya shi, don ba aikinsa ba ne.

Ruwa kuma, babbar gorar na'urar ruwan ofis tana cin lita 19 ba kaɗan, wato kusan ledar fiya wata 38. Zoɓo ko kunun aya a kula ya fi katan-katan na lemo, sai dai kunun aya ba ya jure zafi, a sa ƙanƙara a sha da wuri. Kek mai faɗin inci 10 ya ishi mutum 20 har da ragowa. Abin da ya rage a raba wa masu gadi da direbobi nan take, kada a bari ya wuce awa biyu a tebur.

Balan-balan da ƙyalƙyalin ado ba su da wani madadin yarwa mai kyau. Kyallen atamfa da aka rubuta wa gaisuwa ba tare da suna ba zai yi shekaru ana rataya shi. Wasu ofisoshin kan haɗa duk waɗanda aka haifa a wata guda a yi musu zama ɗaya, a Juma'ar ƙarshen wata. Zama 20 ya koma 12 ko ƙasa, masu karo-karon kuɗin kek ma su sami sa'ida.