Kiwo da Ciyawar Gida: Tambayoyi Kan Aikin Masu Bincike da Makiyaya a Jigawa da Kano

Ciyawa ai ciyawa ce, me ya sa masu bincike ke ƙirga ire-irenta?

Domin kowace da lokacinta da aikinta. Kyasuwa, harkiya, guɗe-guɗe da ƙarangiya damina ɗaya suke yi su mutu, iri ne ke dawo da su baɗi. Gamba da jema kuwa saiwarsu tana raye duk rani, shi ya sa gamba ke tofo da ruwan farko, lokacin da shanu suka fi ramewa, kuma ba ta saurin bushewa da kaka. Gadagi dangin wake ne, yana gina jikin dabba, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Makiyayar da ta haɗa waɗannan tana ciyar da garke watanni da yawa, ta ba da karan zana da shuci. Idan ta lalace, sai tafasa da tumfafiya su cika ta. Daga nesa ga kore shar, amma saniya ta wuni ba ta ƙoshi ba.

To, a hana kiwo gaba ɗaya mana, ciyawa ta dawo?

A'a. Hutun damina ɗaya ko biyu yana taimakon wurin da ya galabaita, amma hani na dindindin yana da tasa illar. Busasshiyar ciyawa tana taruwa ta danne ƙananan tsirrai, ta zama abincin gobara. Kofato yana tura iri cikin ƙasa, kashin shanu taki ne, kuma dabbobi suna kai iri daga wuri zuwa wuri. Abin da ke kashe wurin kiwo shi ne a ci tsiro, ya sake tofowa, a sake cinye shi bai farfaɗo ba.

Wane lokaci ne ya fi haɗari?

Lokuta biyu. Na farko makonnin farkon damina, wajen Yuni zuwa Yuli. Gamba tana yin tofon farko ne da abincin da ta ajiye a saiwa. In aka cinye shi sau biyu ko uku a jere, ajiyar ta ƙare, gindin ya mutu. Ƙananan tsirran da suka fito daga iri kuma tumaki na tuge su da saiwa, tunda ƙasar rairayi ce. Na biyu shi ne Satumba zuwa Oktoba, lokacin da ciyawa ke fid da kai. Wadda aka cinye ko aka yanke kafin irinta ya nuna ya zuba, ba za a gan ta da yawa baɗi ba.

Saboda haka ake raba wurin kiwo kashi uku ko huɗu. Ba sai an sa waya ba, itatuwa da kwari da hanyoyin da kowa ya sani sun isa iyaka. Kashi ɗaya ya huta daga saukar ruwa har iri ya zuba, sauran a riƙa zagayawa, a bar kowanne kamar makonni huɗu zuwa shida kafin a koma masa. A fitar da garke tun gamba ba ta gaza taƙi ɗaya daga ƙasa ba. Baɗi wani kashin ne zai huta.

Yaya ake sanin yawan dabbobin da wuri zai ɗauka?

Da awo, a ƙarshen damina. Ana haɗa sanduna huɗu, kowace mita 1, a ajiye a wurare 20 ko fiye a warwatse, ba inda ciyawa ta fi kyau kawai ba, domin wannan kuskuren ne ke kumbura lissafi. A rubuta sunan duk tsiron da ke ciki, a yanke, a shanya har ya bushe ƙayau, a auna.

A ce matsakaicin awo ya ba da giram 150. Hekta tana da murabba'in mita 10,000, wato kilo 1,500 ke nan. Ba duka dabba za ta samu ba: gara da iska da tattaki za su ci nasu, kuma dole a bar wa ƙasa abin rufa. Don haka ana lissafi da kashi ɗaya cikin uku, kilo 500. Saniya mai nauyin kilo 250 tana cin kusan kilo 6.25 na busasshen abinci a rana, don haka hektar za ta riƙe ta kwana 80. Sauran ranakun rani sai harawa, kara, dusa da 'ya'yan gawo.

Ana kuma killace 'yan wurare da ƙaya don a kwatanta da inda ake kiwo, kuma kowace shekara a koma wuraren da aka auna bara.

Me makiyayi da manomi ke kawowa wanda mai bincike ba shi da shi?

Tarihin wurin. Dattijon ruga ya san inda gamba take a da, da ciyawar da ke kawo nono, da wadda ta ɓace. Matan da ke yankan ciyawa da masu saƙar zana sun san inda ragowar gindin gamba ya saura, kuma daga nan ake samun iri. Masana na cibiyoyi irin su NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika, ko Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero suna da ma'auni da rubutu, amma ba su ke kora shanu da asuba ba. A ganinmu, tsarin da ardo da mai unguwa da dagaci ba su zauna sun amince da shi tun farko ba, ba zai wuce damina ɗaya ba. Sakamakon awo ma a karanta shi a gaban jama'a da Hausa da Fulatanci.

Wurin da ya riga ya zama faƙo fa?

Ruwa ba ya shiga faƙo, gudu yake yi. Ana haƙa ramuka masu siffar rabin wata da rani, bakinsu na fuskantar inda ruwa ke gangarowa, a zuba taki. Irin gamba mara nauyi ne, kuma ba duka ke tsira ba. In an binne shi da zurfi ba ya fitowa, in an watsa a sarari iska da tururuwa su kwashe, don haka a rufe shi da 'yar ƙasa kaɗan bayan ruwa ya zauna. Tsaga gindin gamba a dasa a watan Yuli ya fi tabbas. Kada dabba ta shiga a daminar farko.

Me ya fi rusa irin wannan aiki?

Nome burtali da mashaya. Tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, amma inda gonaki suka cinye hanya, garke yana cunkushewa wuri ɗaya, hutu ya gagara. Sai share ciyawa da manjagara don sayarwa, wanda ke kwashe iri ya bar ƙasa tsirara, da wutar mafarauta a tsakiyar rani. Akwai kuma baƙin makiyaya masu wucewa, waɗanda ba su san yarjejeniyar ba. Ardo ne ya dace ya tare su ranar da suka sauka, ya nuna musu kashin da ke hutu da inda za su shayar.