Shari'ar Florence Maybrick da yadda Ingila ta buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara

Yau idan kotu ta yanke wa mutum hukuncin kisa, abin da lauyansa ke fara cewa shi ne za su ɗaukaka ƙara. A Ingila ta shekarar 1889 babu wannan ƙofa. Da zarar juri, wato mutum 12 da ake zaɓowa daga cikin jama'a su saurari shari'a, sun ce ka aikata, magana ta ƙare. Akwai wata kotu da aka kafa a 1848 don warware tambayoyin doka, amma sai in alƙalin da ya yi shari'ar ya ga dama ya miƙa mata. Idan kuwa kukanka shi ne shaidu ba su isa ba, babu inda za ka kai shi sai wurin ministan cikin gida, ka roƙi sassauci.

A cikin wannan hali Florence Maybrick ta faɗa hannun hukuma. Ba'amurkiya ce 'yar jihar Alabama, ta auri James Maybrick, ɗan kasuwar auduga a Liverpool, a 1881. Ya girme ta da fiye da shekara 20, kuma zaman nasu ba daɗi: yana da mata a waje, ita ma daga baya ta yi nata saurayin. James ya kwanta ciwo, ya mutu ranar 11 ga Mayu 1889. Dangin miji suka ce guba ta ba shi, domin an gan ta tana jiƙa takardar kashe ƙuda a ruwa, takardar da ke ɗauke da gubar asinik, sannan mai renon 'ya'yanta ta buɗe wata wasiƙa da ta rubuta wa saurayin.

Sai dai mamacin da kansa ya daɗe yana shan asinik a matsayin maganin ƙarin kuzari, kuma an kawo shaidu a kan haka. Abin da aka samu a gawarsa kaɗan ne, har likitoci suka yi ta saɓani a gaban kotu kan ko ya isa ya kashe mutum. Florence ta ce kwalliyar fuska take haɗawa da ruwan takardar.

Ga wata ƙa'ida da ta cuce ta. A lokacin, wanda ake tuhuma ba shi da izinin yin rantsuwa ya ba da shaida a shari'ar kansa. An dai bar ta ta yi jawabi daga inda take tsaye, ba rantsuwa, ba lauyan da zai yi mata tambaya ta fayyace. A nan ta amsa cewa ta zuba wani gari a cikin ruwan naman mijin bisa roƙonsa, ta kuma amsa cin amanar aure. Alƙali James Fitzjames Stephen ya tsaya tsayin daka a kan wannan cin amanar lokacin da yake taƙaita wa juri shari'ar. Juri, duk maza, ba su cika awa guda ba suka dawo da hukunci ranar 7 ga Agusta: ta aikata, alƙali ya yanke mata rataya. A ganina an hukunta halinta ne, kisan kuwa ba a tabbatar da shi ba.

Jama'a suka yi ca, aka tara dubban sa hannu. Ministan cikin gida Henry Matthews ya mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai. Dalilinsa shi ne abin da ya fi damuna: ya ce ta ba shi guba da niyyar kisa, amma akwai shakka ko gubar ce ajalinsa. To, ƙa'idar shari'a ita ce shakka mai ma'ana tana wanke wanda ake tuhuma. Ke nan an tsare ta kan yunƙurin kisa, laifin da ba a taɓa gurfanar da ita a kansa ba. Ta kusa shekara 15 a kurkuku kafin a sake ta a 1904.

Gyara ya zo kashi biyu. Dokar shaida ta 1898 ta ba wanda ake tuhuma damar rantsuwa ya kare kansa da bakinsa, in ya so. Sai dokar ɗaukaka ƙara ta 1907, wadda shari'ar Adolf Beck ta ƙara ingizawa, mutumin da aka same shi da laifi har sau biyu, a 1896 da 1904, kan zambar da wani ya yi.

Dokar 1907 ta kafa kotun ɗaukaka ƙara kan manyan laifuka. A tsarin wancan lokacin, idan kuskuren na doka ne, misali alƙali ya yi wa juri bayanin da ba daidai ba, ɗaukaka ƙara haƙƙinka ne kai tsaye. Idan kuma kan hujjoji ne, ko kan tsananin hukunci, sai ka nemi izini tukuna. A lokacin, kotun na iya soke hukunci idan ta ga shaidun da aka kawo ba za su iya ɗaukarsa ba. Tana kuma iya barin hukuncin ko da an yi kuskure, muddin ta gamsu ba a tafka wani babban zalunci ba. Ikon sa a sake shari'a daga farko ba ta samu ba sai a 1964.

Duk wannan bai amfani Florence ba. Ta koma Amurka, ta mutu a jihar Connecticut a 1941 cikin talauci, hukuncin kisan kai yana kanta, domin babu kotun da ta taɓa sake duba shi.