Waiwaye: Yadda manhaja ta zama alƙalin hoton na'urar binciken sankarar mama

Muhawarar da ake yi yanzu a kan na'urorin hoton mama, wato mamogiram, ta fi karkata ga tambaya ɗaya: shin kwamfuta za ta iya karanta hoto kamar likita? Gwajin karanta hoto da taimakon kwamfuta da aka yi a Suwidin da mata kusan 80,000, wanda sakamakonsa na farko ya fito a 2023, ya ƙara rura wutar maganar. Sai dai kafin a kai ga mai karanta hoto, akwai tambayar da ta riga ta: wa ke tabbatar da cewa hoton kansa lafiyayye ne? Wannan aikin kuwa manhaja ta daɗe da shiga cikinsa, kuma ba rana ɗaya ta shiga ba.

Farkon labarin sananne ne. A 1913 Albert Salomon ya ɗauki hoton eksire na nonuwan da aka cire a tiyata a Balin. A tsakiyar shekarun 1960 aka ƙera na'urar da aka keɓe wa mama kaɗai a Faransa. Birtaniya ta soma binciken sankarar mama ga mata na ƙasa baki ɗaya a 1988, Amurka kuma ta yi dokar ingancin mamogiram a 1992. A wancan lokacin, da ido ake gwajin ingancin na'ura. Ana ɗaukar hoton wani dunƙulen roba da ake kira fantom, mai kwaikwayon nonon da aka matse zuwa santimita 4.2, wanda aka binne zare 6, rukunin ɗige-ɗige 5 da ƙulli 5 a cikinsa. In an ga zare 4, rukuni 3 da ƙulli 3, na'ura ta ci jarrabawa.

Inda aka fi tsallakewa a tarihin shi ne abin da aka rasa lokacin da aka bar fim aka koma hoton dijital, bayan amincewa da na'urar farko a Amurka a Janairun 2000. Fim ba ya rufa asiri. In haske ya yi kaɗan ya fito fari fat, in ya yi yawa ya yi baƙi, in ruwan wankinsa ya gaji a gani tun da safe. Na'urar dijital kuwa tana gyara hasken hoto da kaifinsa kafin ta nuna shi a allo. Hoton da aka ɗauka da rabin hasken da ya kamata zai iya fitowa tsaf, gwanin kallo, alhali yayyafin da ke cikinsa, wato dishi-dishin da ƙarancin haske ke jawowa, ya shanye ƙananan ɗigon alli, waɗanda girman wasunsu bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba, kuma su ne sau da yawa alamar farko ta cutar. Tsohon fantom ɗin ma ya yi wa sababbin na'urori sauƙi, mai kyau da mai dama-dama duk suna ci. A ganina nan matsalar ta samo asali: an sauya na'ura, an bar ma'auninta na da.

Turai ta nemi mafita da wani fantom mai tsanani da aka ƙirƙiro a Nijmegen ta ƙasar Holan, mai suna CDMAM. Farantin alminiyam ne mai gidaje 205. A kowane gida akwai ɗigon zinare biyu, ɗaya a tsakiya, ɗaya a wata kusurwa da mai dubawa zai nemo. Faɗinsu daga milimita 0.06 zuwa 2, kaurinsu daga maikuromita 0.03 zuwa 2 (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Ana sa shi tsakanin allunan roba masu kaurin santimita 4. Ƙa'idojin Turai na 2006 sun ce dole a iya ganin ɗigo mai faɗin milimita 0.1 in kaurinsa ya kai maikuromita 1.68. Amma karanta wannan hoto da ido aiki ne mai cin rai: mutum uku su duba hoto ɗaya su ba da amsa uku, mutum ɗaya ma amsarsa ta safe daban da ta yamma. Don haka aka koma ga manhajar CDCOM, wadda ke bin gida-gida tana zaɓar kusurwar da zinaren yake. Ana ba ta hotuna 8 zuwa 16, ana ɗan gusa fantom tsakanin kowane ɗauka. Da yake ta fi ido gani, sai an mayar da sakamakonta zuwa ma'aunin mutum da lissafi kafin a gwada shi da ƙa'ida.

Cewa wannan ba wasan lambobi ba ne ya fito fili a 2013. Wani nazari a lardin Ontariyo na Kanada ya nuna na'urorin dijital masu kaset da ake karantawa da leza suna gano sankara 3.4 cikin mata 1,000, fim na gano 4.8, dijital na kai tsaye, marar kaset, 4.9. Mata ne ke cikin wannan tazarar, waɗanda aka sallama da cewa lafiyarsu ƙalau.

A 2021 hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta fitar da tsari mai araha da manhajar ATIA, domin wuraren da masana fizikis na asibiti suka yi ƙaranci, irin ƙasashenmu. Fantom ɗin roba ce da ƙaramin falle na jan ƙarfe da na alminiyam mai kaurin milimita 0.2. Gefen jan ƙarfen, wanda ake ɗan karkatarwa, yana auna kaifin hoto; alminiyam yana auna yadda abu ke bambanta da yayyafin da ke kewaye da shi. Ma'aikaci ya ɗauki hoto, masani ya duba sakamakon daga wani gari.

Wuraren da ake tuntuɓe ba su da yawa, amma kullum su ne. Na farko, a ba manhaja hoton da na'ura ta riga ta yi wa kwalliya maimakon ɗanyen hoto. Lambobin da za su fito ba abin dogaro ba ne. Akwai kuma kafa ma'aunin farko a ranar da na'ura ta riga ta soma lalacewa, sai a yi shekara ana gwada ta da cutarta. Sauya ƙarfin wuta ko matatar haske tsakanin gwaji da gwaji shi ma yana ɓata kwatanci. Farantin ɗaukar hoto da aka yi da sinadarin siliniyom ba ya jure zafi, don haka ɗakin da na'urar sanyaya iska ke mutuwa da ɗaukewar lantarki yana buƙatar gwaji a kai a kai, a nemi matattun ɗigo, layuka da inuwar hoton baya. Sannan ko wane irin gargaɗi manhaja ta bayar, sai an sami mutum mai ikon cewa a dakatar da ɗaukar mata yau har injiniya ya zo.