Wasan kwaikwayon yaƙi na talabijin

Wasan kwaikwayon yaƙi shiri ne mai dogon zango da ke bin rayuwar sojoji a fagen daga: sadaukar da rai, soyayyar da suka baro gida ko suka tsinta a bakin aiki, da abin da ƙaddara ta tanadar wa kowa. Lokaci ne ya raba shi da fim ɗin sinima. Mai kallo kan shafe sa'o'i da dama tare da soja kafin harsashi ya same shi, shi ya sa mutuwarsa ke taɓa zuciya.

Ginin labari

Akasari ana ɗora labarin a kan 'yar tawagar da ba ta wuce mutum 12 ba. Babbar matsala ita ce kamanni: kaki iri ɗaya, hular kwano iri ɗaya, fuska duk ƙasa. Idan mai kallo bai rarrabe mutanen ba, wanda ya faɗi bai dame shi ba. Don haka ake fara labari a sansanin horo, inda kai yake buɗe, kowa ya fito da halinsa da muryarsa. Haka aka yi a Band of Brothers, mai kashi 10, wanda tashar HBO ta Amurka ta nuna a 2001. Kashin farko ya nuna horonsu a sansanin Toccoa na jihar Jojiya.

Soyayya kan shigo ta wasiƙa, ta waiwaye, ko ta asibitin sojoji. A Descendants of the Sun na Koriya ta Kudu, mai kashi 16, wanda KBS2 ta nuna a 2016, kyaftin ne da likita, ɗaya aikinsa ya haɗa da kisa, ɗaya ceton rai. Raunin rubutun da aka fi gani a irin wannan shiri shi ne sojan da zai fito da hoton budurwarsa ya yi zancen aure. Masu kallo sun riga sun gane ba zai kai kashi na gaba ba.

Yadda ake ɗaukar faɗa

Ana ɗauko tsohon soja ya zama mai ba da shawara. Jaruman Band of Brothers sun yi kwana 10 suna atisaye ƙarƙashin Dale Dye, tsohon kyaftin, kafin a kunna kyamara, domin riƙon bindiga da tafiya da kaya a baya ba sa koyuwa a rana ɗaya.

Harsashin da ake harbawa albarushi ne kawai a cikin kwanso, babu kan dalma. Bindiga mai sarrafa kanta ba ta iya jawo harsashi na gaba da irinsa, sai an ƙuntata bututunta don iskar ta taru; in an yi kuskuren gwaji sai ta cije a tsakiyar ɗauka. Kuma irin wannan harsashi yana kisa daga kusa. A 1984 jarumi Jon-Erik Hexum ya rasu bayan ya harba bindiga mai irin wannan harsashi a gefen kansa a wurin ɗaukar wani shiri.

Raunin harbi kuwa, ƙaramin abin fashewa ne da ledar jinin bogi, a kan farantin ƙarfe a ƙarƙashin riga, ana tayar da shi daga nesa. Don faɗuwar bam, ana binne tukunyar ƙarfe mai buɗaɗɗen baki, a cika ta da ƙasa mai laushi da gutsattsarin abu marar nauyi. Tsakuwa ɗaya in ta shiga ciki ta zama harsashi. Ana yi wa kowace tukunya alama, a maimaita gudun jarumai sau da yawa kafin a tayar.

A wajen tace sauti ana yawan haɗa walƙiya da ƙara lokaci guda, alhali sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa: bam da ya fashe a nisan kilomita ɗaya sai bayan daƙiƙa uku ake jinsa.

Kuskuren tarihi

Shirin da aka gina a kan mutanen gaske yakan dogara da tunanin tsofaffin sojoji, shi kuwa tunani yana zamewa. Band of Brothers ya ce soja Albert Blithe ya rasu a 1948 sakamakon raunin da ya samu a Normandi ta ƙasar Faransa. Ashe ya warke, ya ci gaba da aikin soja, sai a 1967 ya rasu a Jamus.