Mene ne "haf kuloci", kuma me ya sa yake cin mota?

Duk wanda ya koyi tuƙi da mota mai giyar hannu ya ji wannan kalma tun ranar farko. Mai koyarwa yana gefe yana cewa, "Saki kuloci a hankali, a hankali... tsaya nan!" Wannan wurin da aka ce ka tsaya, inda motar ta fara rawar jiki tana neman tashi amma ba ta tafi ba, shi ne haf kuloci. Wasu kan ce rabin kuloci. Ba ka danne shi har ƙasa ba, ba ka kuma sake shi duka ba.

Sai an leƙa ciki za a gane illarsa. Tsakanin inji da giyabos akwai wani faifai da makanikai ke kira kuloci filet. Fuskokinsa biyu an lulluɓe su da wani abu mai kaushi irin na birki. A gefe ɗaya akwai fulawil, wato babban faifan ƙarfe da inji ke juyawa, a ɗaya gefen kuma firesha filet, mai matse faifan a jikin fulawil. Idan ka ɗage ƙafa gaba ɗaya, ukun nan sun haɗe suna juyawa tare, babu mai gugar wani. Idan ka danne har ƙasa, sun rabu, nan ma babu guga. A tsakiya ne kawai fulawil ke gudu, faifan yana binsa a baya, suna gogar juna kamar dutsen niƙa. Gugar nan ita ke haifar da zafi, zafin kuma shi ke cinye fuskar faifan. Ƙaurin nan da kake ji idan mota ta sha wuya a hawa, faifan ne ke ƙonewa.

Ba laifi ba ne a bi ta haf kuloci. Dole ne ma, domin babu mota mai giyar hannu da za ta tashi daga tsaye ba tare da shi ba. An yi shi ne don daƙiƙa ɗaya ko biyu. Matsalar ita ce direban da ya mai da shi wurin zama.

Dubi abin da ake yi a cunkoso, a ce kana kan gadar sama a Kano, layi ya tsaya a daidai hawa. Direba ba ya son mota ta zame baya, ba ya kuma son wahalar jan birkin hannu, sai ya riƙe ta da haf kuloci yana ɗan taka totur. Motar tana tsaye cak, shi kuma yana jin ya ƙware. Alhali duk nauyin motar, da fasinjoji da buhunan da ke but, faifan nan ne ke riƙe da shi ta hanyar guga. A ganina wannan ce ɗabi'ar da ta fi kowace kashe kuloci, kuma abin mamaki ita ce aka fi yi wa kallon gwaninta a tasha. Birkin hannu an yi shi ne don irin wannan wuri.

Akwai ƙanwar wannan ɗabi'a, wadda mai ita bai ma san yana yi ba: ɗora ƙafar hagu a kan kuloci ana tafiya. Nauyin ƙafa kaɗan ya isa ya sassauta matsin, ya kuma sa rilis biyarin, wato biyarin da ke tura firesha filet idan an danne kuloci, aiki ba hutu. Haka wanda ke danne kuloci har fitilar hanya ta ba shi hannu, maimakon ya mai da giya firi. Faifan bai ci ba, amma biyarin ɗin yana ci. Shi kuwa biyarin ba shi da tsada, sai dai ba a kai gare shi sai an sauke giyabos, kuma kuɗin aikin a nan yake. Shi ya sa makanike mai gaskiya zai ce a canza faifai da firesha da biyarin lokaci guda.

Masu tashi da giya biyu don ƙyuyar canji su ma haf kuloci suke yi, mai tsawo ma.

Kishiyar rashin sakin kuloci duka ita ce rashin danne shi sosai lokacin canza giya. Nan ɓarnar ta bar kuloci ta shiga giyabos. A ciki akwai wasu zobba, galibi na tagulla, masu daidaita gudun haƙora kafin giya ta shiga. Idan inji bai rabu da giyabos sosai ba, zobban ke shan wahala, har su sule, giya ta fara ƙara "ƙurrr" ko ta ƙi shiga. A tsofaffin motoci da yawa ribas ba ta da wannan zobe, don haka sai mota ta tsaya cak kafin a sa ta.

Ta yaya za ka san faifan ya ƙare? Ka taka totur a giya huɗu, inji ya yi ta kuka amma gudu bai ƙaru ba. Ko kuma sai ƙafa ta kusa ƙarewa sama kafin motar ta kama. Masu sayen Golf ko Hiace na hannu suna da gwajinsu: a ja birkin hannu, a sa giya uku ko huɗu, a saki kuloci a hankali. Idan inji ya mutu nan take, faifan da sauransa. Idan ya ci gaba da aiki, to a rage kuɗin kuloci daga farashin motar.