Wasannin waya na horar da lura

Wasannin horar da lura manhajoji ne da ake tsarawa don kaifafa yadda ido da ƙwaƙwalwa ke tsamo abin da ake nema daga cikin tarkace, ko bin abubuwa masu motsi da yawa lokaci guda. Irin lurar yaro mai tsaron shinkafa ce a fadamar Haɗeja: idonsa na kan gona, amma da jan-baki sun taso daga gefe ya hango su kafin su sauka.

Tarihi

Asalinsu gwaje-gwajen masana halayyar ɗan Adam ne. A 1988 Zenon Pylyshyn ya nuna cewa mutum kan iya bin ɗigo huɗu ko biyar masu yawo a allo, daga nan sai su fara kuɓuce masa. Binciken da ya buɗe ƙofa shi ne na Shawn Green da Daphne Bavelier na Jami'ar Rochester a Amurka, wanda mujallar Nature ta buga a 2003. Sun samo mutanen da ba su saba wasan bidiyo ba, suka sa wasu yin wasan harbe-harbe awa ɗaya kullum har kwana 10, wasu kuma Tetris, wasan jera tubala masu faɗowa. Na farkon ne lurarsu ta fi ƙaruwa. A 2013 Adam Gazzaley ya gwada wasan NeuroRacer kan dattawa: kana tuƙa mota a hanya mai lanƙwasa, kana kuma dakon wata alama, da ta ɓullo ka danna. Daga wannan aka gina wasan EndeavorRx, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a watan Yunin 2020 likita ya rubuta wa yara 'yan shekara 8 zuwa 12 masu larurar rashin natsuwa.

Tsari

Ginshiƙin shi ne wahalar wasan ta riƙa bin ƙoƙarin mai yinsa. In ya ci, a rage lokacin da hoton ke bayyana ko a ƙara abubuwan ɗauke hankali. In ya faɗi, a sassauta. Akan haɗa aikin tsakiyar allo da na gefe. Allon waya dai ƙarami ne, wanda ke taƙaita horon gefen ido.

Taƙaddama

Ko ƙwarewar na tsallakawa zuwa karatu ko tuƙi, masana ba su daidaita ba. Wani gwaji a Ingila a 2010, mai mutane sama da 11,000, bai ga ƙwarewar ta tsallaka zuwa ayyukan da ba a yi horo a kansu ba. A 2016 kamfanin Lumos Labs, mai manhajar horar da ƙwaƙwalwa ta Lumosity, ya biya dala miliyan 2 kan tallan da ya wuce hujja.

A karkarar Kano da Jigawa

Waya ɗaya takan zaga gida, cajinta sai an kai wa mai caji, manhaja kuma ta Xender ake turawa saboda tsadar data. Wasan da ya dace a nan shi ne mara nauyi, mai aiki ba intanet, wanda bai dogara da rubutun boko ba.