Kartar duba ta tarot da mai lalurar ƙwaƙwalwa: tambayoyi da amsoshi

Bidiyon masu duba da kartar tarot ya cika TikTok da YouTube, kuma ya iso wayoyin matasanmu. Mai duban ta shimfiɗa kati uku a kife, ta ce ka zaɓi ɗaya, sannan ta gaya maka abin da ke tafe a aurenka ko neman kuɗinka. Galibi a kalla a wuce. Amma likitocin ƙwaƙwalwa da dangin marasa lafiya suna da tambayar da ta fi wannan nauyi: wanda ke fama da ciwon damuwa, ko waswasi, ko taɓin hankali, ya dace ya taɓa wannan karta?

Ita tarot ɗin mece ce, daga ina ta fito?

Karta ce mai kati 78, ba 52 ba irin wadda aka saba. Daga ciki 22 manya ne, kowanne da hotonsa da lambarsa: Wawa, Masoya, Rataye mai lamba 12, Mutuwa 13, Shaiɗan 15, Hasumiya 16, da sauransu. Ragowar 56 an raba su gida huɗu, wato kofuna da takubba da sanduna da sulalla, kowane gida kati 14.

A arewacin Italiya ta ɓulla a ƙarni na 15, a fadojin Milan da Ferrara, kuma wasa ake yi da ita, ba duba ba. Sai a 1781 wani Bafaranshe, Antoine Court de Gébelin, ya yi da'awar cewa asirin Misira ta dā ne ke ɓoye a hotunan, ba tare da wata hujja ba, daga nan masu duba suka rungume ta. Samfurin da aka fi gani a bidiyo shi ne wanda aka buga a Landan a 1909, wanda Pamela Colman Smith ta zana bisa tsarin Arthur Edward Waite. Ana cakuɗa kartar, a zaro kati uku ko goma, a jera, a fassara. Bugun ƙasa ne na Turawa, takarda a maimakon yashi.

Za ta iya haukata mai lafiya?

A'a. Babu hujjar likitanci da ta nuna kallon kati na haifar da sikizofireniya, wato taɓin hankali mai tsanani, ko wani ciwo makamancinsa. Waɗannan cututtuka suna da nasu tushen: gado, shan ƙwaya ko wiwi, tashin hankalin rayuwa, da yadda ƙwaƙwalwa ke aiki. Abin da kartar ke yi shi ne ta miƙa wa ciwon da ya riga ya kama mutum abin da zai ci. Shi ya sa amsar ta bambanta daga ciwo zuwa ciwo, kuma daga lokacin da ciwon ya kwanta zuwa lokacin da ya tashi.

To me ya sa mutum ke jin kamar kartar ta san cikinsa?

Saboda shi ke cika ma'anar da kansa. A 1948 wani malamin sanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa gwaji, ya ba kowa takarda yana cewa bayanin halinsa ne shi kaɗai. Suka auna daidaiton bayanin, matsakaicin makin ya kai kusan 4.3 cikin 5. Ashe takarda ɗaya ya raba musu duka, maganganun kuma daga wani littafin duban taurari ya tsinto su. Magana irin "kana da damuwar da ba ka gaya wa kowa ba" wa za ta kuskure? Sannan zuciya na riƙe abin da ya dace, ta yar da goman da ba su dace ba. Mai lafiya yana yin wannan ya farga. Matsalar ita ce wasu cututtukan suna lalata ainihin wannan fargar.

Su wa ya kamata su nisance ta gaba ɗaya?

Na farko, duk wanda ya taɓa fita hayyacinsa: mai jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko mai riƙe da wani zato da hujja ba ta kawar da shi. Sikizofireniya ce babba a nan, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 tana shafar kusan mutum 1 cikin 300. Ɗaya daga alamominta na farko shi ne mutum ya riƙa ganin saƙo a abin da babu saƙo: mai karanta labarai a rediyo da shi yake, lambar motar da ta wuce gargaɗi ce, tarin da maƙwabci ya yi alama ce. Likitan ƙwaƙwalwa ɗan Jamus Klaus Conrad ya bayyana wannan hali tun 1958. Yanzu a duba abin da tarot ke koya wa mai yin ta: wai babu katin da ya faɗo haka kawai, kowanne saƙo ne gare ka. Abin da likita ke ƙoƙarin kwancewa, shi kartar ke ƙara ɗaurewa. Bidiyon intanet ya fi muni, domin masu yi kan buɗe da cewa idan wannan bidiyo ya same ka to da kai ake. Gaskiyar ita ce manhajar ta lura ka tsaya a kan irinsa jiya, sai ta ƙaro maka. Mara lafiya ba zai ɗauke shi haka ba, zai ga tabbaci ne cewa ana bibiyarsa, ko an zaɓe shi.

Na biyu, mai ciwon baifola, wanda ke hawa da sauka tsakanin matsanancin karsashi da matsananciyar damuwa, musamman idan yana sama. A wannan yanayi mutum yana barcin awa uku ya tashi garau, maganarsa ba birki, yana ɓarin kuɗi, yana jin ya fi kowa. Ya zaro katin Rana ko Duniya, fassarar ta ce nasara, sai ya sayar da fili ko ya ajiye aiki. Kuma zaman duba da daddare yana cin barci, rashin barcin kuwa shi kansa yana tayar da ciwon.

Mai waswasi da mai fargaba fa? Ai su suna cikin hayyacinsu.

Suna ciki, amma tarkonsu daban ne, kuma shi ya fi yawan kama mutane. Ciwon waswasi yana tafiya ne a zagaye: tunani mai tayar da hankali ya faɗo, mutum ya yi wani abu don ya samu natsuwa, natsuwar ta zo na ɗan lokaci, shakka ta dawo da ƙarfi. Wanda ya ga mai maimaita alwala sau bakwai, ko mai komawa duba kwaɗon ƙofa, ya san abin. Kartar na shiga wannan zagaye daram. "Mijina zai ƙara aure?" A zaro kati. Bai fito sarai ba, a zaro na ƙarin bayani. Ya fito da kyau, to ko cakuɗawar ce ba ta yi ba? A sake. Maganin da aka tabbatar yana aiki ga waswasi shi ne a koya wa mutum ya zauna da shakka ba tare da ya nemi tabbaci ba, har tsoron ya sauka da kansa. Kowace zarar kati na rushe wannan horo. Ma'aunin da likitoci ke dubawa shi ne idan abin na cin sama da awa ɗaya a rana, ko yana hana aiki da zaman gida.

Akwai kuma kuɗi. A 2015 likitoci a birnin Nantes na Faransa sun wallafa rahoton wata mata mai shekara 45 da zuwa wurin masu duba ya zame mata jaraba irin ta caca: ta ci bashi, ta yi ta ƙoƙarin dainawa ta kasa.

Mai ciwon damuwa ya zaro katin Mutuwa. Me wannan ke nufi?

Yana nufin lissafi ya yi aikinsa. A jerin kati goma, damar fitowar Mutuwa 10 ce cikin 78, kusan sau 1 cikin 8. Idan aka haɗa katuna biyar masu firgitarwa, wato Mutuwa da Hasumiya da Shaiɗan da takubba goma (mutum kwance rub da ciki, takubba soke a bayansa) da takubba uku (zuciya a soke), damar a ga aƙalla ɗaya a jeri guda ta kai rabi. Mai zarar kati uku kullum, cikin kwana 30 damar ya ci karo da Mutuwa ta kusa kashi 70 cikin 100. Masu tarot za su ce katin na nufin sauyi, ba mutuwar gaske ba. Sai dai ciwon damuwa ba ya karanta littafin fassara. Aikinsa ke nan ya tace duk abu mai daɗi ya bar mai ɗaci, kuma ga wanda dama ke raya cewa gara ya bar duniya, hoton ƙwarangwal a kan farin doki na iya zama masa kamar izini.

Wasu na cewa tana taimaka musu su fahimci kansu. Ƙarya suke?

Ba lallai ba. Hoto kan buɗe bakin wanda ya rasa ta inda zai fara, kuma masu ba da shawara kan yi amfani da zane ko rubutu don haka. Amma amfanin daga tsayawa a yi tunani yake fitowa, kuma littafin rubutu na naira kaɗan zai ba da shi ba tare da da'awar sanin gobe ba. Babu wata ƙa'idar jinya da ta sa tarot cikin magunguna. A ƙasashen da abin ya zama al'ada, shawarar da ta dace da wanda ciwonsa ya kwanta kuma ya ƙi bari ita ce: sau ɗaya a mako, da rana, kada ya wuce minti 15, tambaya ɗaya ba a maimaita ta, ba a tambaya kan lafiya ko mutuwa ko magani ko abin da wani ke ƙullawa, kuma likitansa ya sani. Wanda ya kasa tsayawa a wannan iyaka, kasawar ita ce alamar ya ajiye.

Ina matsayin addini?

Ga Musulmi maganar a bayyane take: gaibu na Allah ne, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ta kwana arba'in ba. Kiristanci ma ya hana duba. Abin lura ta fuskar jinya shi ne mai waswasin addini da ya kalli irin bidiyon nan kan faɗa wani sabon zagayen: na kafirta? tubana ya karɓu? Ya tambayi malami ɗaya da ya amince da shi, sau ɗaya, ya tsaya a kan amsar. Yawon fatawa daga malami zuwa malami shi ma ciwon ne.

Ƙanwata na shan magani, kuma ta kamu da kallon waɗannan bidiyo. Me zan yi?

Fara da lura kafin faɗa. Awa nawa take barci? Tana iya yanke ƙaramar shawara, kamar fita unguwa, ba ta duba ba? Tana tura wa wani kuɗi? Ta fara cewa katin ya gaya mata wance ce ta yi mata asiri? Kada ka ƙwace wayar da ƙarfi ko ka yi mata dariya, kuma kada ka tsaya musun fassarar kati da ita, domin musu na ƙara kafe zato. Ka tambaye ta yadda take ji bayan ta kalla, ku zauna tare ku daina bin shafukan, ku danna wurin da ke nuna ba a son irin bidiyon, wayar kuma ta kwana a wani ɗaki.

Abin da ba a jira a kansa shi ne magani. Idan mai duba ya ce mata ciwon na iska ne ta bar magani, a koma wurin likita a makon nan, kada a jira ranar da aka ba ta. Yanke magungunan ƙwaƙwalwa irin lithium ko olanzapine ko risperidone lokaci guda na daga manyan dalilan da ciwo ke dawowa, magungunan damuwa irin fluoxetine kuma kan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga aikinsu, wanda ke sa wasu su ɗauka ba sa yi. Idan ta kwana biyu ko uku ba barci, ko tana jin muryoyi, ko ta ambaci kashe kanta, kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi da wuƙaƙe daga inda hannunta zai kai, a kai ta asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau ta Kano, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, asibitocin koyarwa ma suna da sashen. A tafi da kwalayen maganin da take sha, a kuma gaya wa likita maganar kartar ba tare da jin kunya ba, domin ranar da ta fara ganin saƙo a cikin kati na iya nuna masa ranar da ciwon ya fara tashi.